Filako a Mataki na Huɗu

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Yagana, 'yar abokina Bukar, kodayake na yi iya ƙoƙarina in manta. Shekaruna hamsin, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Haɗeja, kuma ana yi mini kallon mutum mai nutsuwa, wanda ba ya magana sai ya auna ta. A ranar nan, a gaban dattawa kusan ashirin, wata waya mai faɗin fuska ta ba da shaida a kaina, kuma abin takaicin shi ne duk abin da ta faɗa gaskiya ne.

Dole in fara da Bukar, domin idan ba a san shi ba, ba za a gane nauyin abin ba. Shi Babarbare ne, ni kuwa Bafillace (na cikin gari, wanda rabon gidansu da tatsar saniya tun zamanin kakansa), saboda haka tun muna aji ɗaya a firamare muke cin mutuncin juna bisa izinin al'ada. Shi ya ce a bayan shanu aka tsinto kakannina. Ni in ce zanen fuskarsa layukan littafi ne da aka ja aka manta ba a rubuta komai a kansu ba. Ya kira ni bawansa, in kira shi bawana, kuma har yau ba a samu alƙalin da ya raba wannan gardama ba. Benci ɗaya muka zauna shekara shida. Ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, rabin makin da na ci a wannan darasi daga littafinsa na kwafa. Muna aji shida mahaifinsa ya rasu, ya bar masa ƙanne biyar da fadama a kan hanyar Baturiya. Ni na wuce sakandare, na wuce jami'a, har na rubuta kundin digiri a kan noman rani a kwarin Haɗeja. Shi kuwa ya shiga noman ranin.

Ranar da aka raɗa wa Yagana suna, ya miƙo mini ita a cikin zane, ya ce, "Bafillace, ga 'yarka. In Allah Ya nuna mana, kai za ka ba da aurenta, ko ka samu abin kirki guda ɗaya da ka taɓa yi a duniya." Ya yi ta maimaita wannan magana fiye da shekara ashirin, har kowa a unguwa ya san da ita. Ni ma na riƙe ta a zuciya fiye da yadda nake nunawa.

Majalisarmu tana ƙarƙashin wata bishiyar maina a ƙofar gidan Malam Sale, tsohon magatakardar kotu, mutum mai sanyin murya da matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Bayan la'asar muke haɗuwa. A nan ne na fara lura Bukar ya kamu da wani wasan waya: wani kwaɗo mai hula yana harba ƙwallaye masu launi-launi sama, idan uku masu launi ɗaya suka haɗu sai su fashe, wayar ta yi wani ɗan kiɗa mai kama da dariyar jarirai. Ya ce da shi yake rage lokaci a gona idan injin ban-ruwa yana aiki. Na dube shi ta saman tabarau, na ce a raina lallai akwai bukatar wani ya nuna wa jama'ar nan cewa ko wasa za a yi, akwai na hankali.

Sai na shiga bincike, irin na wanda ya yi jami'a. Na duba jerin wasannin da aka fi yabo, na zaɓi wanda ya tara taurari biyar cif. Na karanta sharhin mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba takardun jarrabawa. Wani ya ce wasan ya sa shi kuka. Wata ta ce tun da ta gama shi take kallon rayuwa da wani ido daban. Wani kuma ya ce wanda duk bai ji daɗin wasan nan ba, to ya koma ya ci gaba da fasa ƙwallaye, can ne ajinsa. Wannan sharhi na ƙarshe shi ya kama ni. Na ji kamar ni ne na rubuta shi.

Na sauke wasan a babbar wayar da nake shirya darasi da ita. Labarinsa shi ne wani matafiyi marar suna ya tsinci kansa a wani tsohon birni da mutanensa suka watse, kuma sai ya warware wata dabara kafin kowace ƙofa ta buɗe masa. Zanen yana da kyau, ba zan zalunce su ba. Amma matafiyin nan yana tafiya ne kamar mai jinyar ƙafa. Babu mai magana, babu mai biyo ka, babu abin da ke fashewa. Sai wani siririn kiɗa mai sa mutum ya tuna da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A rana ta farko na yi hamma sau takwas (na ƙirga, don na ɗauka alama ce ta gajiyar aiki). A rana ta biyu barci ya ɗauke ni a kan kujerar ofishin malamai, matafiyin yana tsaye yana kallon bango, har aka kaɗa ƙararrawa. Na gaya wa kaina cewa abu mai zurfi ba a jin daɗinsa da wuri. Haka na lallaɓa har mataki na huɗu, kuma a nan tafiyar ta tsaya.

Mataki na huɗu wani lambu ne. Akwai tanki a sama mai ruwa ƙayyadadde, da doguwar magudana, da kwatami bakwai a jere a gefenta, kowanne da ƙofarsa. Sai dukkansu sun cika kafin wani ɗan kwale-kwale da ke kwatami na ƙarshe ya taso ya kai matafiyin bakin wata ƙofa. Ni kuwa, a matsayina na mai tsari, sai in fara da na ɗaya, in wuce na biyu, in wuce na uku. Kafin in kai na biyar ruwan ya raunana, ya tsiyaye a hanya, kwale-kwalen yana nan zaune a busasshiyar ƙasa. Na gwada farawa da na biyu. Na gwada tsallake ɗaya-ɗaya. Daga nan na yanke shawarar cewa wasa mai taurari biyar ba zai zama mai sauƙi ba, dole amsar tana ɓoye a wasu zane-zane da ke jikin bangon lambun. Na sayi sabon littafi mai bango mai kauri, na kwafe zanen nan kaf, na ba kowanne lamba, na ja jadawali. Mako uku ina wannan aiki. (Daga baya na gano ado ne kawai aka yi wa bangon.)

Da ni mai gaskiya ne, da na je majalisa na ce, "Jama'a, na sauke wani wasa da duniya take yabo, amma ni bai yi mini ba." Sai dai mu Fulani muna da abin da ake kira filako: kana jin yunwa a kawo abinci ka ce ka ƙoshi, ƙaya ta soke ka ka ce ba komai. Na daɗe ina cewa boko ya wanke ni daga wannan hali. Ashe canza masa wurin zama kawai ya yi. Maimakon in amsa cewa wasan ya gundure ni, sai na zama mai yi masa talla. Kullum bayan la'asar ina bayani a kan hikimar birnin da aka watse, da ma'anar shirun matafiyi, da yadda wasan yake horar da ƙwaƙwalwa. Malam Sale yana gyaɗa kai. Bukar yana fasa ƙwallayensa.

Wata Talata ya ɗago kai ya ce, "To bawana, ba ni in gwada wannan abu naka da ba ya ƙarewa."

Tsoro ne ya kama ni, domin da ya karɓa zai ga inda na maƙale. Sai na rufe wayar, na yi murmushi, na ce, "Bar shi, Bukar. Wannan na waɗanda suka yi nisa a karatu ne. Kai da ka tsaya a aji shida, kwaɗonka ya ishe ka."

Na jira ramuwa, kamar yadda aka saba shekara arba'in. Ba ta zo ba. Wasan da ke tsakaninmu yana da iyaka da ba a rubuta ba, amma kowa ya san ta: ana taɓa shanu, ana taɓa zanen fuska, ana taɓa kakanni har bakwai, amma ba a taɓa inda mutum yake da rauni na gaske. Ni kuwa na san dalilin tsayawarsa a aji shida, don ina cikin waɗanda suka raka gawar mahaifinsa. Ya yi 'yar dariya, ya sa takalmansa, ya ce zai je ya dubo inji. A tsakiyar damina muke, babu injin da yake aiki a faɗin kwarin nan. Bai sake zuwa majalisa ba.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi wuyar rubutawa. Kwana biyu kafin wannan magana, na riga na sauke wasan kwaɗon. Na gaya wa kaina cewa nazari zan yi, in fahimci abin da ke jan talakawa zuwa gare shi. Na ɓoye shi a wani kundi da na sa wa suna Takardun Aiki, nakan kuma rage sautin wayar gaba ɗaya idan zan buɗe shi. Na fara nazarin da ƙarfe huɗu, ban ɗago kai ba sai da aka kira magariba. Wallahi daɗi gare shi. Ƙwallaye su taru su cushe, ka auna, ka harba guda ɗaya ta gefen bango, su zubo gaba ɗaya kamar an girgiza bishiyar kanya. Cikin makonni kaɗan na yi nisan da ba zan faɗa ba sai nan gaba.

Binta, matata, ba a ɓoye mata komai. Wata safiya ta kawo mini koko ta tsaya a bayana.

"Malam, wannan ne wasan da yake horar da ƙwaƙwalwa?"

"Nazari nake yi," na ce.

"Allah Ya ba da sa'a. Na ga kwaɗon ma ya sa hula, da alama shi ma malami ne." Ta juya za ta tafi, sai ta ƙara da cewa, "Ka je ka ba Bukar haƙuri. Bikin Yagana saura wata guda."

Na ce mata Bukar ya san wasa ne. Ban je ba. Sau biyu ina ɗaukar hanyar gidansa a kan babur, sau biyu ina wucewa kamar mai zuwa wani wuri.

Katin gayyata ya iso ta hannun Malam Sale. Bukar, wanda ko akuyarsa ce ta haihu sai ya zo da kansa ya gaya mini, ya aiko mini da kati kamar yadda ake aika wa shugaban ƙungiyar manoma. Babu saƙon baki, babu maganar ba da aure. Na juya katin gaba da baya ko zan ga an rubuta wani abu da biro. Babu.

Ranar Asabar na sa babbar rigata na tafi, da wayar a hannu don in ɗauki hotuna. An kafa rumfa a ƙofar gidan, an jera kujerun roba, an shimfiɗa tabarmi a gaba inda liman da waliyyai za su zauna. Na gaisa da Bukar, ya amsa da "Malam, sannu da zuwa." Malam! A rayuwata bai taɓa kira na da wannan suna ba. Na samu kujera a layi na uku na zauna. Na ga ƙaninsa Modu a kan tabarmar gaba, kusa da liman, a wurin da na shekara ashirin ina ɗauka nawa ne.

An sa ɗaurin auren ƙarfe sha ɗaya. Sha ɗaya ta wuce, dangin ango ba su iso ba. Daga wajen Miga suke tahowa, kuma aka bugo waya cewa ruwa ya yanke hanya, sun ajiye motoci suna jiran kwale-kwale ya tsallako da su. Wanda ya san ƙarshen damina a ƙasarmu ya san wannan ba abin fushi ba ne, abin gyara zama ne. Aka gama hirar farashin taki, aka gama hirar ciyawar kacala da ta toshe kogi, aka fara kallon juna.

Sai Malam Sale, da muryarsa mai sanyi da ake ji har layin ƙarshe, ya ce, "Malam, ga lokaci Allah Ya ba mu. Nuna wa jama'a wasan nan naka na tsohon birni. Wata biyu kana ba mu labarinsa, ba mu taɓa ganinsa ba."

(Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi. Mutumin da ya shekara talatin a kotu ya san lokacin da ake kiran shaida.)

Na ce wurin bai dace ba. Suka ce ya dace. Wani dattijo daga Kafin Hausa, kawun amarya, ya jawo kujerarsa yana cewa shi ma jikokinsa sun dame shi da irin waɗannan abubuwa, bari ya ga na manya. Kafin in ankara an yi mini da'ira. Na buɗe wasan, lambun nan ya bayyana, da tankinsa da kwatami bakwai da kwale-kwalen da ya zama mini kamar ɗan'uwa saboda daɗewar zama tare.

Na gyara murya na yi gabatarwa. Na yi bayanin zanen bango. Na ce akwai alaƙa tsakanin adadin kusurwoyin kowane zane da tsarin buɗe ƙofofi. Sannan na buɗe na ɗaya, na biyu, na uku. Ruwa ya ƙare a na biyar.

"Da gangan na yi," na ce, "don ku ga yadda ake kuskure."

Na sake. Ya ƙare a na huɗu.

"Wannan ma kuskuren ne ake nuna mana?" in ji dattijon Kafin Hausa, da iyakar gaskiyarsa.

Na koma farko na sake. Ina cikin gwaji na uku na ji ƙamshin goro a kaina. Bukar ne, ya zo da faranti yana rabawa, ya tsaya yana leƙe ta kafaɗata. Ya ci gaba da kallo har ruwan ya sake mutuwa a hanya. Na ji yana numfashi irin na mutumin da yake ƙoƙarin kame bakinsa. Bai iya ba.

"Inna lillahi. Wane ne ya koya wa wannan ban-ruwa?"

Ya ajiye farantin a cinyar Malam Sale, ya karɓe wayar daga hannuna ba tare da neman izini ba. Ya tambayi inda ake dannawa a rufe, na nuna masa. Ya rufe ƙofofin nan bakwai gaba ɗaya.

"Ai ba a fara shayar da fangalin da ke bakin inji," ya ce, yana magana da jama'a, ba da ni ba. "In ka fara da na kusa, ƙasa ta shanye ƙarfin ruwan, na nesa ya mutu da ƙishi. Toshe su za ka yi duka, ka bar ruwa ya miƙe har ƙarshe tun yana da ƙarfinsa. Ka cika na ƙarshe, ka datse, ka dawo baya-baya. Na kusa ko da ɗigo ne zai samu."

Da ƙaton yatsansa mai kaushi ya buɗe na bakwai. Ya cika. Ya rufe, ya buɗe na shida. Ya dawo har na ɗaya. Kwale-kwalen ya taso a hankali, matafiyin ya shiga, ƙofar da na yi mako bakwai ina kallo ta buɗe, wani haske ya fito, kiɗan ya ɗaga. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Manoman da ke wurin ko mamaki ba su yi ba. Wani ma cewa ya yi, "To da ma ta yaya kuma za a yi?"

"Ba kai ne ka rubuta littafi a kan noman rani ba?" in ji dattijon Kafin Hausa. Na ce kundi ne, ba littafi ba, kamar hakan zai rage wani abu. (Shafi ɗari da ashirin ne. Akwai taswira guda tara a ciki. Babu inda na rubuta wane fangali ake fara shayarwa, domin ban taɓa tambaya ba.)

Bukar ya ɗan tura matafiyin gaba, ya ga yadda yake jan ƙafa, ya taɓe baki. "Wannan shi ne na masu nisan karatu? Wannan ai aiki ne. Ni in yini ina ban-ruwa, in dawo in huta, a sake miƙo mini wata gonar? Can ko ba komai shinkafa nake samu. Nan fa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi irin wadda ake yi da haƙora kawai. Na miƙa hannu in karɓi wayata, ina ganin an gama da ni. Ashe ba a fara ba. A daidai lokacin wani ɗan saƙo ya sauko daga saman fuskar wayar, da ɗan hoto a gefensa. Bukar ba ya karanta Turanci, amma ya san wannan hula ko a cikin duhu. Ya danna.

Kwaɗon ya cika fuskar wayar. Kuma saboda na ƙara sauti don jama'a su ji kiɗan tsohon birni, dariyar jariran nan ta tashi a ƙarƙashin rumfa, har liman ya waiwayo.

Malam Sale ya gyara tabarau ya leƙa, ya karanta a hankali yana fassarawa, kamar yadda ya saba karanta ƙara a gaban alƙali: "Yana cewa, barka da dawowa, gwarzo. Mun yi kewarka tun ƙarfe tara na safiyar yau. Mataki na ɗari shida da goma sha biyu yana jiranka."

Na sunkuyar da kai. Na kalli tabarma, na lura da wani wuri da saƙarta ta kwance, na yi fatan in shige ta wurin.

"Ɗari shida," in ji Bukar a hankali. "Da sha biyu." Ya dube ni. "Ni ina ɗari huɗu da talatin da bakwai."

Sai rumfar ta fashe. Dattijon Kafin Hausa har da share hawaye da bakin rawani. Wani yana cewa a ba Malam goro biyu, gwarzo ne. Na buɗe baki, kuma ina jin kalmar "nazari" tana hawowa, ta iso har kan harshena. A nan ne, karo na farko cikin wata biyu, na yi abin da ya dace da shekaruna. Na haɗiye ta.

Na ce, "Jama'a, wasan birnin nan ban taɓa jin daɗinsa ba ko na minti ɗaya. Barci yake sa ni. Na yabe shi ne don na ga an yabe shi, kuma don a ce ni mai zurfi ne. Na kwaɗon shi nake so." Na juya wajen Bukar. "Maganar da na faɗa maka a majalisa kuwa, ba wasa ba ce, rashin mutunci ne. Na faɗe ta ne don kada ka karɓi wayar ka ga na kasa. Lissafin da na ci a firamare ma naka ne. Ka yafe mini."

Dariyar ta lafa. Bukar ya daɗe yana kallon kwaɗon. Sannan ya girgiza kai.

"Ku ji mini Bafillace. Filako har a wayar salula! Kakanka ya ƙi cin tuwo a gidan surukai ya kwana da yunwa, kai kuma ka ƙi cin ƙwallo a gaban mutane kana ci a ɓoye." Ya zauna a kujerar da ke kusa da ni, ya zaro tasa wayar daga aljihu, ya rage murya. "Bawana, wannan na talatin da bakwai ɗin, mai ƙanƙara a tsakiya. Mako biyu ina kansa. Ta ina ka bi?"

"Ta gefen bango," na ce. "Kada ka taɓa na tsakiya. Ka harba ta hagu ta dawo ta cire tushen."

Ya harba. Suka zubo. Ya buga cinyata da ƙarfin da sai da na ji shi kwana uku.

Muna haka aka ce ga dangin ango nan. Suka shigo da ƙafafun wanduna a jiƙe har gwiwa, takalma a hannu, suna ba da haƙuri. Jama'a suka miƙe ana gyara zama, liman ya buɗe hannu yana tambayar wane ne waliyyin amarya. Na ga Modu ya dubi yayansa. Bukar ya miƙe ya kama hannun rigata.

"Tashi mana. Sai an aiko maka da kati na biyu? 'Yarka ce, je ka ba da ita. Amma ka bar wayar nan a hannun Malam Sale, kada kwaɗo ya amsa kafin kai."

Modu ya matsa mini wuri a kan tabarma. Na ba da auren Yagana, kuma da aka shafa fatiha na daɗe da tafukana a fuska fiye da kowa.

Akwai ɗan ƙarin bayani da adalci ya wajabta in yi. Malam Sale bai dawo mini da wayar ba sai bayan kwana goma. Ya gama wasan birnin tun daga farko har ƙarshe. Da na tambaye shi yadda ya jure tafiyar matafiyin, sai ya ce shi tafiyar ce ma ta yi masa. "Mutum shi kaɗai a gidan da ya saba jin motsi," ya ce, "yana buɗe ƙofofi a hankali. Wanda ya tsara abin nan ya san wani abu." Ya cire tabarau ya goge. Ashe masu taurarin nan ba ƙarya suka yi ba. Sun faɗi abin da suka ji ne, ni kuma na ara na rataya a wuyana ba tare da na gwada ko daidai da ni ba ne.

Da rani ya shigo na bi Bukar fadama, ya ba ni fartanya, na shayar da fangali tara da hannuna, daga na ƙarshe zuwa na farko. Ya ce a matsayina na mai digiri a fannin, ban yi laifi ba sosai.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da tsada. Yanzu idan aka tambaye ni ra'ayina a kan littafi, ko abinci, ko wasa, nakan ɗan dakata in tambayi kaina: ni ne nake so, ko kuwa so nake a gan ni ina so? Sau da yawa amsar ba ta yi mini daɗi. Kwaɗon kuwa na fito da shi daga Takardun Aiki, yana nan a fili, da sautinsa. Ina mataki na ɗari bakwai da uku. Bukar ya wuce ni tun watan jiya, kuma ya tabbatar babu wanda bai sani ba daga nan har Baturiya.